Kwana Ne Ya Ƙare, Ko Ganganci Ne Ya Yi Yawa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Da wuya mako ya zagayo ba a sallaci gawar wani matashi da hatsarin mota ya yi ajalinsa ba. Wani ɗalibi ne da ya taso daga makaranta zai je gida hutu, wani ɗan kasuwa ne da ya yi sammakon zuwa Kano saro kaya, wani kuma ango ne da ko wata biyu bai yi da ɗaurin aure ba. A kai shi makwancinsa, a dawo a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kowa ya zo ya ce "Allah Ya jiƙan rai, kwana ne ya ƙare." Daga nan sai a tashi a karkaɗe riga, a sake cunkusuwa cikin irin motar da ta kashe shi, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, wani a but, direba ya taka totur har ƙasa, ba wanda ya ɗaura bel, ba wanda ya ce uffan.

Babu Musulmin da ke jayayya cewa rai da ajali suna hannun Allah (T). Abin da ake jayayya a kai shi ne yadda aka mayar da wannan gaskiya ta zama mayafin da ake lulluɓe sakaci da son kuɗi da zalunci a cikinsa. Direban da ya ɗora wa mota taya mai ƙwal-ƙwal ya fake da ƙaddara. Dillalin da ya sayar da motar da aka farke cikinta ya fake da ƙaddara. Mahukuntan da suka bar ramuka suka cinye hanya su ma sun fake da ƙaddara. Talakan da aka kashe wa ɗa kuma an koya masa cewa in ya tambayi dalili imaninsa ne ya yi rauni.

Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na shekarar 2023 ta bayyana cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanyoyi duk shekara, kuma babu abin da ya fi hatsarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato su ne dai waɗannan samarin da ke cika sahu a masallatai ranar Juma'a. Afirka ba ta mallaki fiye da kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba, amma ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan. To, ina mai hankalin da zai ce mala'ikan mutuwa ya fi son hanyar Kaduna zuwa Kano a kan hanyoyin Suwidin? Ai dole a tsaya a duba sababi.

TAWAKKALI KO GANGANCI?

Akwai samarin da in suka ga mutum ya ja bel ya ɗaura sai su bushe da dariya, wai shi matsoraci ne, ko kuma wai yana kwaikwayon Nasara. Wasu har da kawo hujja, wai wanda ya yi addu'ar hawa abin hawa ba ya buƙatar wata igiya. Wannan magana ba ta da gindi a addini ko kaɗan. Sananne ne cewa da wani mutum ya tambayi Manzon Allah (S) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umurnin da aka ba shi shi ne ya fara ɗaure ta sannan ya dogara. Malaman tarihi sun ruwaito cewa ranar Uhudu Manzo (S) sulke biyu ya sanya, alhali babu wani mahaluki da ya kai shi tawakkali. Alƙur'ani a cikin Suratul Anbiya ya ambaci sana'ar ƙera sulke da aka sanar da Annabi Dawud (AS) a matsayin ni'imar da ake nema a gode mata, a cikin Suratul Baƙara kuma aya ta 195 an hana mutum jefa kansa cikin halaka. Ɗamarar kujerar mota sulke ce ta wannan zamani. Wanda ya yi addu'a ya ɗaura ta ya haɗa sunna biyu. Wanda ya ƙi ta da gangan ya saki raƙumarsa ne, sannan ya zo yana kuka da ɓarawo.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN DAƘIƘA GUDA

Yawancin masu raina waɗannan na'urori ba su san abin da ke aukuwa a lokacin karo ba ne. Duk hatsari guda karo uku ne a jere. Na farko mota ta daki abin da ta daka ta tsaya cak. Na biyu mutumin da ke ciki, wanda jikinsa bai san an tsaya ba, ya ci gaba da tafiya da gudun da motar ke yi har sai ya daki sitiyari ko gilas ko ƙeyar na gabansa. Na uku kayan cikinsa, ƙwaƙwalwa da zuciya da hanta, su daki ƙashin da ke kewaye da su. Karo na biyu da na uku su ne ke kisa.

Mutumin da ke cikin motar da ke gudun kilomita 60 a awa, in ta daki bango, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon mita 14, wato kamar bene mai hawa huɗu. In gudun ya kai kilomita 100, faɗowar ta kusa mita 40. In aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkuwa. Saboda haka saurayin da ke cewa zai dafe dashbod da hannu in abu ya taso yana yaudarar kansa ne, don babu ƙaton da zai faɗo daga bene ya tare ƙasa da tafin hannu ya tashi lafiya. Haka nan uwar da ta rungume jariri a cinya a kujerar gaba, ranar karo nauyin jaririn ninkin-ba-ninkin yake zama, ya fizge daga hannunta komai son da take masa.

Duk hikimar masu ƙera kayan kariya a mota tana komawa ga abu biyu: a hana hatsarin aukuwa, in kuma ya auku a sa jikin mutum ya tsaya a hankali maimakon ya tsaya farat ɗaya.

Bel ɗin da ake gani yau, mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya tsara shi wa kamfanin Volvo a shekarar 1959, bayan ya yi aiki a kan kujerun da ke cilla matuƙan jiragen yaƙi waje. Kamfanin ya bar wa sauran masu ƙera motoci su yi amfani da tsarin kyauta. Aikin bel shi ne ya riƙe mutum ta wuraren da ƙashi ya fi ƙarfi, wato ƙugu da ƙirji, ya hana shi dukan gilas, ya kuma hana mota amayar da shi waje. Na motocin zamani har da wata 'yar na'ura da ke tsuke shi a jikin mutum da zarar an yi karo, sannan ta ɗan sassauta don kada ya karya haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Wace laya ce a kasuwa ke da irin wannan shaida? Kuma ga shi rataye a kafaɗar kujera, ba a biyan ko sisi.

Sau da yawa a tasha akan ji ana yabon tsofaffin motoci, wai su ne masu ƙarfe, na yanzu kuwa gwangwani ne, ɗan taɓi kaɗan sai su lotse. Wannan ma rashin sani ne. Da gangan aka yi gaban motar zamani da bayanta su riƙa lanƙwashewa, domin ƙarfen da ke murƙushewa shi ke shanye ƙarfin bugun, yayin da ɗakin da mutane ke zaune aka yi shi da ƙarfe mai tauri don kada ya rufta. Wani injiniyan kamfanin Mercedes, Bela Barenyi, shi ya fito da wannan dabara, aka fara sanya ta a motocin kamfanin a 1959. Motar da ta fito daga hatsari bonet ɗinta garau, sau da yawa mutanen cikinta ne suka shanye dukan a madadinta. Gara mota ta tafi wajen 'yan gwangwan mai ita ya koma wajen iyalinsa.

Sai jakar iska, wadda wasu ke kira balan-balan. Tana naɗe ne a cikin sitiyari da dashbod, a wasu motocin har da gefen kujeru da saman tagogi. Da na'urar da ke jin bugu ta gane an yi karo mai ƙarfi, sai wani sinadari ya kama ya cika jakar da iska a ƙasa da kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa, kafin ƙiftawar ido, ta tari kai da ƙirji, nan take kuma ta sace. A Amurka tun motocin shekarar 1998 doka ta wajabta ta ga direba da wanda ke gefensa. Sai dai mataimakiyar bel ce, ba ta maye gurbinsa. Wanda bai ɗaura bel ba zai iya cin karo da ita tana tsakiyar fashewa ta ji masa mummunan rauni, kuma ƙaramin yaro ba shi da wurin zama a gabanta, wurinsa kujerar baya.

Ta ɓangaren hana hatsari kuwa akwai birkin da ake kira ABS, wanda kamfanonin Bosch da Mercedes suka fitar a 1978. A tsohon birki in direba ya firgita ya danne shi, tayoyi sukan kulle, mota ta riƙa sulɓi kamar an ɗora ta a kan santsi, sitiyari ya daina jin magana. ABS yana kamawa yana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, taya ta ci gaba da juyawa, direba ya samu damar kauce wa saniya ko rami yana kan birki. Karkarwar da ake ji a ƙafa a lokacin ba lalacewa ba ce, aikin ke nan, abin da ake so direba ya ci gaba da dannewa. A 1995 aka ƙaro na'urar daidaita mota, wadda ake kira ESC ko ESP. Ita tana auna inda direba ya juya sitiyari da inda motar ta nufa, in ta ga sun saɓa sai ta kama birkin taya ɗaya tak ta dawo da motar kan hanya kafin ta yi adungure. Bincike a Amurka ya nuna tana rage mummunan hatsarin da mota ke yi ita kaɗai da kusan rabi, shi ya sa aka wajabta ta a can daga motocin 2012, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta ga duk sabuwar mota daga 2014. Daga watan Yulin 2024 kuwa duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a Tarayyar Turai sai tana da birkin da ke kama kansa in ya hango karo, da na'urar da ke faɗakar da direba in ya wuce iyakar gudu.

RAN BAƘAR FATA A MA'AUNINSU

Kada wani ya ɗauka tausayi ne ya sa manyan kamfanoni suka cika motocinsu da waɗannan kaya. Shekaru suka yi suna turjiya, suna cewa laifin direbobi ne, sai da mutane suka tashi tsaye. A 1965 wani lauya a Amurka, Ralph Nader, ya wallafa littafin da ya tona yadda ake fifita ado da riba a kan rayuka, a 1966 gwamnati ta kafa dokar da ta tilasta ƙa'idojin kariya. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ce ta fara wajabta ɗaura bel a 1970. Inda jama'a suka matsa sai aka gyara, inda suka yi shiru sai aka ci gaba da sayar musu da akwatin gawa mai taya huɗu.

Ga misali wanda ba ya buƙatar dogon sharhi. Ƙungiyar Global NCAP, mai gwada motoci ta hanyar buga su da gangan, ta fara gwada waɗanda ake sayarwa a Afirka a 2017. A 2018 wata a-kori-kura ta kamfanin Nissan mai suna NP300 Hardbody, wadda ake sayarwa sabuwa fil a Afirka ta Kudu, ta tashi ba ta da tauraro ko ɗaya wajen kare manya. A 2020 sai aka haɗa ta gaba da gaba da 'yar uwarta ta kamfani ɗaya, ƙirar 2015, wadda aka yi wa kasuwar Turai kuma har an ci moriyarta. Ɗakin sabuwar ta Afirka ya rufta, gwajin ya nuna da mutum ne a ciki da wuya ya rayu, alhali direban tsohuwar ta Turai da ƙafarsa zai fita. Kamfani ɗaya, tambari ɗaya, rai iri biyu. In wannan ba raini ba ne, to mene ne sunansa?

Abin da ya fi shafar Nijeriya da Nijar kuwa shi ne gwanjo. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a rahotonta na 2020 ta ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci kimanin miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Daga cikin 'yan Kwatanon da ke cika garejin dillalai akwai waɗanda sun riga sun yi hatsari a can, kamfanin inshora ya yafe su, aka sayo su da arha, aka miƙe bodi aka fesa fenti. Jakar iskar ta riga ta fashe, sai a liƙe murfin sitiyari a bar cikinsa wayam, a cire ƙwan fitilar da ke nuna matsala a dashbod don kada mai saye ya gane. Wanda ya yi haka ya sayar wa ɗan uwansa, algus ɗinsa ya fi na mai zuba ruwa a madara muni, domin shi da jini yake wasa, kuma zuwa Umra duk shekara ba zai wanke masa wannan ba sai ya tuba ya daina.

Har ila yau akwai batun jakunkunan iska na kamfanin Takata na Japan, waɗanda sinadarin cikinsu ke lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, ranar fashewa ya watso ɓaraguzan ƙarfe a fuskar direba. A Amurka kaɗai an yi kiranyen kusan miliyan 67 don a sauya su kyauta, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Motocin Honda da Toyota da wasunsu na shekarun 2000 suna cikin waɗanda abin ya shafa, irin waɗanda aka fi gani a titunan Kano da Kaduna da Maraɗi. Wa ya bi sawun waɗanda aka riga aka loda a jirgin ruwa aka kawo nan?

DOKA A TAKARDA

Nijeriya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙasa a 1988. An fara tilasta ɗaura bel a 2003, an fara tilasta na'urar taƙaita gudu ga motocin haya a 2017. Ƙa'idar hanya ta ce a babban titi ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 100 a awa, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. Duk wanda ya taɓa hawa motar haya ya san inda allurar ke tsayawa. Doka ta zama abin da ake tunawa da shi in an hango shinge: direba ya jawo bel ya rataya a kafaɗa ba tare da ya maƙala shi ba, ya miƙa na goro ta taga, a wuce, ya saki. Wasu ma sun maƙala bel ɗin ta bayan kujera dindindin don ƙarar gargaɗi ta daina damun su. Sun yi dabara, amma wa suka cuta?

A farkon 2009 da aka ce dole 'yan acaɓa su sa hular kwano, an ga wasu a Kano sun kifa ƙwarya a ka suna yi wa doka ba'a, aka kuma baza jita-jitar cewa ana yin tsafi da hular. Ga shi kuwa hular kwano ta gaskiya tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. Mutumin da ya ce ya yi imani da Allah Shi kaɗai, ya ji tsoron tsafin da bai gani ba, bai ji tsoron kwaltar da yake gani da idonsa ba, lallai yana buƙatar ya koma gaban malami.

Sauran uzurorin ma duk ba su da ƙafa. Mai cewa bel zai hana shi fita in mota ta kama wuta ya manta cewa sai mai hankalinsa a jikinsa ke iya buɗe ƙofa, wanda ya fasa gilas da goshi a sume yake. Mai cewa gara mota ta cillo shi waje ya je ya tambayi waɗanda ke kwasar gawa a bakin hanya a ina suka fi tsintar ta. Mai cewa tafiyar ba nisa ya sani cewa gudun cikin gari ma ya isa kisa. Na kujerar baya da ya ƙi ɗaurawa shi ne zai zama dutsen da zai murƙushe na gabansa. Mai tsoron kada bel ya ɓata masa farar shadda ranar Juma'a kuwa, sabulu yana wanke dauɗa, kuma akwai wani farin ƙyallen da ba a yi masa guga.

ABIN DA YA HAU KAN 'YAN UWA

Gyaran hanya da hana shigo da ruɓaɓɓun motoci nauyi ne a wuyan mahukunta, kuma wajibi ne a ci gaba da faɗa musu haka ba tare da jin tsoro ba. Amma akwai abin da ba ya jiran gwamnati. Ɗan uwa in ya shiga mota ya ɗaura bel, gaba ko baya, ya kuma umurci iyalinsa da haka. In zai sayi mota ya murza makulli ya duba: fitilar jakar iska da ta ABS dole su kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan su mutu. In ba su kama ba sam, ko suka ƙi mutuwa, akwai magana, ya nemi bakaniken da ke da na'urar bincike. Kada ya yarda a cire masa ABS wai don a huta da gyara. In zai sayi taya ya karanta lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019, domin roba tana tsufa ko da zanenta bai goge ba. Mai babur ya sa hular kwano ya ɗaure igiyarta, ya tanadi ta wanda zai goya.

Masu shirya tafiye-tafiyen jama'a zuwa wa'azi ko taro ko ɗaurin aure su ji tsoron Allah su daina loda bayin Allah a bayan tirela da a-kori-kura kamar buhunan masara, su daina sa direban da ya kwana bai runtsa ba ya kama hanya. Fasinjoji kuma su daina zuga direba da kirarin gudu. In ya wuce ƙa'ida su haɗa baki su tsawata masa, in ya ƙi ji su sauka, wannan ma hani ne daga mummuna. Direban da ya ɗauki mutum goma sha takwas amanar gida goma sha takwas ya ɗauka, kuma malamai sun yi bayani cewa kisan kuskure yana da diyya da kaffara, ba a wanke shi da cewa tsautsayi ne. Masu wa'azi su ma su shigar da wannan cikin karatunsu, don kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

Al'ummar da ke fatan samarinta su ɗauki nauyin gyara ba za ta riƙa zubar da su a kwalta saboda igiyar da ba a ɗaura ba. Allah (T) Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba masu jinya lafiya, Ya kiyaye matafiya a duk inda suka nufa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.